Nisan da Zare Bai Auna Ba

Ilimin labarin ƙasa na karanta a jami'a, shi kuma na yi shekara ashirin da 'yan kai ina koyarwa. Ba don yabon kai na fara da wannan ba, sai don mai karatu ya san girman kuskuren da zan ba da labarinsa. Duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya san darasin zare: a ɗora zare a kan taswira, a bi da shi duk inda hanya ta karkata, sannan a miƙe shi a jikin rula a lissafa nisa. Layukan da ke nuna tudu da kwari kuwa na zana su a allo ba adadi, na kuma kayar da ɗalibai a jarrabawa saboda su. Amma ni kaina a Fagge aka haife ni, a nan na girma, kuma tudun da ƙafata ta fi sani shi ne Dala, wanda mutum kan hau ya sauko bai ko nemi ruwan sha ba.

A shekarar da abin ya faru, yanar ido ta rufe idon mahaifiyata na dama. Na hagun ya daɗe da mutuwa, saboda haka wannan ɗayan ne kaɗai ya rage mata. Likitan da zai yi mata aiki a wani asibitin ido a Sabon Gari ya sa ranar Litinin. Ya kuma ja ni gefe ya gaya mini cewa mun riga mun yi jinkiri fiye da kima, shi kuma bayan wannan makon zai yi tafiyar da za ta ɗauke shi watanni. Hajiya ta amince, amma ta kafa sharaɗi: ba mai kai wuƙa kusa da idonta sai takwararta ce ta riƙe hannunta ta kai ta ƙofar ɗakin tiyata. Wanda ya san Hajiya ya san ba ta faɗin magana don a lallashe ta. Idan takwara ba ta zo ba, Litinin za ta wuce, likita ya tafi, idon ya ci gaba da rufewa.

Takwarar ita ce 'yata ta fari. Sunan Hajiya aka sa mata, kuma tun daga yaye a ɗakin Hajiya ta tashi. Dalili biyu ke nan da suka hana ni kiran sunanta tun ranar da aka raɗa shi: kunyar 'yar fari, da kuma nauyin sunan mahaifiya. Idan ya zama dole, “Uwata” nake ce mata. Ban taɓa zama da ita mun yi doguwar hira ba, yadda nake yi da ƙannenta. A gidan da na fito, na malamai da ma'aikatan hukuma, ba a ɗaukar wannan a matsayin rashin ƙauna, tarbiyya ce. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, uban da ba ya hira da 'yarsa abu ɗaya ya rage masa, wato ba da umarni.

A lokacin tana shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna a wata ƙasa da ke gabashin nahiyarmu, ƙasar da duwatsu suka cinye yawancinta. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, domin laifin da ke cikin wannan labari ba nata ba ne, nawa ne. Jami'ar ba a babban birni take ba, tana wani gari ne a bayan duwatsu. Jirgin saman da zai kawo ta gida kuwa daga babban birnin yake tashi, ranar Asabar da yamma, kuma na riga na samar mata kujera a cikinsa. Idan ta rasa shi, na gaba da za mu iya samu sai bayan mako guda. Abin da ya rage shi ne yadda za ta tashi daga garin jami'a ta isa babban birni a kan lokaci.

Ranar Talata bayan la'asar ta kira ni. Bayan gaisuwa da tambayar jikin Hajiya, ta ce, “Abba, hanya uku ce. Akwai ƙaramin jirgin sama, amma yanzu damina ce a nan, idan gajimare ya sauka sai a soke tashinsa, wani lokaci kwana biyu a jere. Akwai jirgin ƙasa, yana tashi Juma'a da safe, ya zagaye duwatsun ta kwari, ya isa da yamma. Sai kuma bas, da ke tashi Asabar da asuba ta bi ta saman dutse.”

Na ce, “Jirgin ƙasan Juma'a ne, jirginki kuma Asabar. A ina za ki kwana?”

Ta ce, “A babban birnin, Abba. Dama ina so in ce…”

Na ce, “Bari in duba, zan kira ki.”

Na shiga ɗakin karatuna na sauko da tsohon littafin taswirorina, wanda na saya tun ina ɗalibi. Na ciro zare daga kwandon ɗinkin maiɗakina, na shimfiɗa shi tsakanin garuruwan biyu, na auna. Nisan bai wuce na Kano zuwa Kaduna da wani abin kirki ba. Na duba waya, ta ce tafiyar awa bakwai ce. Na yi murmushi. Na san yadda waya ke ƙiyasta tafiya a hanyoyinmu, na kuma san yadda direbobinmu ke ƙaryata ta. Ta ce huɗu, su kai ka a uku. Na yi wa dutse adalci, a ganina, na ba shi awa biyar. Idan bas ta tashi ƙarfe shida, sha ɗaya ta isa, jirgi kuma sai biyar na yamma. Har ma da rarar lokacin cin abinci da sallah.

Na kira ta na ce, “Uwata, bas za ki hau ranar Asabar. Na auna, lokaci ya ishe ki. Ki je gobe ki yanki tikiti.”

Ina jin ƙarar ruwan sama a kan kwano daga ɓangarenta. Sannan ta ce, “To, Abba.”

Maiɗakina tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, ita wacce ta ce tana so?”

Na ce, “Ban tambaye ta ba. Ai lissafi ne, ba ra'ayi ba.”

Ta ce, “Uhm,” ta ci gaba da tsintarta. Shekara ashirin da biyar da aure sun koya mini cewa wannan “uhm” ɗin ya fi doguwar muhawara nauyi, amma na yi kamar ban ji ba.

Yanzu da nake rubutu, tilas in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a ranar. Ba zare ne ya yanke hukuncin ba. Tun kafin in sauko da littafin na riga na yanke shi, a daidai lokacin da ta ce za ta kwana a babban birni. Na hango 'yata, budurwa, ita kaɗai da akwati, tana karɓar mukulli a wani masaukin baƙi a garin da ba ta da kowa. Na ji tsoro, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da bai kai shi daraja ba: na ji muryoyin 'yan'uwana waɗanda tun farko suka ce bai kamata a tura mace karatu wata uwa duniya ba. Na auna ne don in samu hujjar da za ta yi kama da ilimi. Na san sarai cewa taswira mai ƙaramin ma'auni ba ta nuna lanƙwasar hanya, domin ni nake koyar da hakan a zangon farko na kowace shekara. Na sani, na kawar da kai.

Washegari Laraba na kai motata Sabon Gari. Birkinta ya kwana biyu yana ƙara, kuma ba na so ranar kai Hajiya asibiti ta ba ni kunya. Bakaniken ya kwance ƙafar gaba, ya nuna mini abin da ya cinye, ya ce in je in sayo. Da ma wuri ɗaya nake sayen irin waɗannan kaya, shagon wani dattijo da muke kira Baba. Iyayensa daga ƙasar Yarabawa suka zo, amma shi a Fagge aka haife shi, bango ɗaya ya raba gidansu da namu, kuma sahu ɗaya suka yi shekara da shekaru suna sallah da marigayi mahaifina. Kafin gwiwa ta zaunar da shi a shago, direban babbar mota ne. Matarsa, Alhaja, tana da shagon atamfa da leshi a jikin nasa, ƙofa da ƙofa, ta yadda duk maganar da aka yi a ɗaya an yi ta a ɗayan.

“A'a, malamin taswira!” in ji Baba. “Yau duniya ta zagayo da kai wajenmu? Ya jikin Hajiya? An ce ta ƙi wuƙa sai an kawo mata 'yar gwal ɗinta.”

Na durƙusa na gaishe shi, na gaishe da Alhaja, na ba shi labarin yadda aka shirya komai. Ina jin daɗin kaina nake bayani. Na ce bas za ta hau da asubar Asabar, nisan kamar nan da Kaduna ne.

Baba ya ajiye kwalin da ya ɗauko mini. Ya ce, “Kamar nan da Kaduna. A dutse?”

Na ce, “A dutse, Baba. Na ƙara mata awa biyu saboda haka.”

“Ka ƙara mata. Madalla da mai kyauta. Damina ce a can ko rani?”

“Damina.”

“Buɗe mini hanyar a wayarka. A'a, ba haka ba, matso da ita kusa. Ƙara. Ƙara dai.”

Na yi ta buɗa hoton da yatsu biyu. Layin da jiya na gani a miƙe ya fara murɗewa. Da na ƙara matsowa sai ya koma kamar hanjin kaza, ya tafi gabas, ya juyo yamma, ya sake komawa, a wuri guda ya ninku sau bakwai ko takwas kafin ya ci gaba. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga murya ya ce, “Alhaja, ara mini turmi ɗaya.”

Ta ce, “In ka ɓata mini ninki kai za ka saya.”

“Malam zai saya, shi ne mai albashi.”

Ta miƙo turmin atamfa a ninke. Baba ya ɗora shi a kan benci tsakanina da shi, ya buɗe tafin hannunsa ya auna daga gefe zuwa gefe. Ya ce, “Taƙi nawa?”

Na ce, “Ɗaya da rabi.”

“To riƙe bakin nan.” Na riƙe. Ya kama ɗaya bakin ya miƙe da ƙyar, ya fara ja da baya yana ɗingishi. Ninki ya yi ta warwarewa. Ya fita daga shagon, ya wuce gaban shagon Alhaja, sai da ya kai bakin kwata sannan atamfar ta miƙe. Masu wucewa suka tsaya kallo, wani mai adaidaita sahu ya rage gudu ya ce, “Baba, lefe ake aunawa?” Daga can Baba ya ɗaga murya ya ce mini, “Taƙi ɗaya da rabi, ko? Haka ƙasar dutse take. Allah ya ninke ta. Kai ka auna ta a ninke, mota kuwa sai ta bi kowane yadi.”

Alhaja ta fito ta karɓe kayanta tana mita, ta ce tsufa bai hana shi wasan yara ba. Baba ya dawo ya zauna yana haki, fara'ar ta ragu a fuskarsa.

Ya ce, “Shekara tara na yi ina hawa tsaunin Mambila. Nisa ma ba shi ne babbar magana ba. A hawa giya ta ɗaya kake, mai tafiya da ƙafa ya gaishe ka ya wuce. A gangara kuma in ka dogara da birki, kafin ka kai rabi ya yi zafi ya daina kamawa, sai ka ji ƙauri, sai ka ji feda ta tafi ƙasa ba komai. Direban kirki da giya yake sauka, a hankali, fasinja na zaginsa. Wanda ke sauri don ya faranta wa mai jiran jirgi, shi ne wanda ba na so 'yarka ta shiga motarsa. Ka gane? Idan ta samu direba nagari, za ta makara. Idan ta samu wanda zai kai ta a awa biyar ɗinka, to wannan ka yi ta addu'a.”

Na sake duban lanƙwasar da ke kan wayar.

Ya ci gaba, “Ga gajimare. Ba a sama yake ba a can, a kan hanya yake kwanciya, ba ka ganin hancin motarka. Ga ƙasa da ke zaftarowa in ruwa ya jiƙa ta. Mota ɗaya ta lalace a lanƙwasa, duk wanda ke bayanta ya sauka ya shimfiɗa tabarma, don ba ta inda za a ratse. Nan in hanya ta toshe sai ka faɗa daji ka zagaye. A can dama dutse, hagu rami.” Ya cire tabarau ya dube ni. “Ita yarinyar, sau nawa ta bi hanyar?”

Na lissafa a zuci. “Sau biyar ko shida.”

“Kai fa?”

“Ban taɓa ba.”

“Me ta ce a hau?”

Tambayar maiɗakina ce ta dawo mini ta bakin wani. Na ce, “Ina jin jirgin ƙasa take so. Amma sai ta kwana a babban birni, ita kaɗai.”

Alhaja, wadda ke maida ninkin atamfarta, ta ce, “Ita ta ce maka ita kaɗai?”

Na tuna ta fara cewa “dama ina so in ce”, ni kuma na katse ta.

Alhaja ta girgiza kai. “Malam, ina da shekara goma sha tara na fara zuwa Ikko saro kaya. Mace ba ta tashi tafiya ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ku maza ne ke isa gari sannan ku fara tambaya.”

Na kai wa bakanike kayan, na ce zan dawo da yamma. Ban tari adaidaita ba, na taka da ƙafa. Na bi ta mahaɗar Bata, cikin cunkoson masu dako da dilolin yadi a ka, ban ma san ina ba su hanya ba ko su ke kauce mini. Na zarce har wajen tashar jirgin ƙasa, na samu inuwa na tsaya. Abin da ke gabana ƙarami ne a ido: in kira 'yata in ce na yi kuskure. Amma ban taɓa janye umarni a gabanta ba, ban ma san da waɗanne kalmomi ake yin hakan ba. Mahaifina bai taɓa yi mini ba, ban kuma ji an ce nasa ya yi masa ba. Na tsaya ina shirya jimloli kamar mai rubuta takardar neman aiki. Na kuma tambayi kaina ko yanzu ma tsoro ne kawai ya sauya wuri, ya tashi daga masaukin baƙi ya koma bakin rami. Wataƙila haka ne. Bambancin dai shi ne wannan karon na yi niyyar tambaya.

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Sai na tuna tana da jarrabawa washegari, wataƙila tana ɗakin karatu wayar na jaka. Na tuna kuma ta taɓa gaya wa mahaifiyarta cewa kujerun jirgin ƙasan kan ƙare da wuri a ƙarshen zango. Kowace awa da ta wuce, umarnina na ƙara zama abin da ba zai janyu ba. Na yi azahar a wani masallaci kusa da tasha, kuma ban ji kunyar roƙon Allah a kan kujerar jirgi ba.

Sai wajen la'asar ta kira, muryarta a tsorace. “Abba, lafiya? Hajiya ce?”

Na ce, “Hajiya lafiya lau.” Duk jimlolin da na shirya suka watse. Na ce, “Uwata, jiya kin fara magana na katse ki. Ƙarasa.”

Ta ce akwai wata abokiyar karatunta, 'yar ƙasar, Musulma, wadda gidansu ke babban birnin. Tare za su hau jirgin ƙasan, mahaifiyar yarinyar ta riga ta ce ta sauka a wurinsu, kuma yayan yarinyar zai kai ta filin jirgi ranar Asabar. Tun makon da ya wuce suka gama wannan shiri.

Na ce, “Me ya sa ba ki faɗa ba?”

Ta ce, “Ka ce ka auna, Abba.”

Babu zargi a muryarta, shi ya sa maganar ta fi shiga. Na tambaye ta awa nawa bas ɗin ke yi. Ta ce a rani bakwai, a damina ba wanda ke yin alkawari. Ta ce zuwanta na farko sai da suka yi awa goma sha ɗaya, ta yi amai har ta rasa abin fitarwa, wata tsohuwa ta yi ta ba ta lemon tsami tana shinshinawa. Shekara uku ke nan, ban taɓa ji ba. Na ce me ya hana ta gaya mana. Ta ce ta ji tsoron kada a ce ta dawo gida.

Na ce, “Ki hau jirgin ƙasan.” Na ji yadda maganar ta fito, umarni ne kuma, sai na gyara. “Wato, idan har shi kike ganin ya fi.”

Ta yi 'yar dariya, wadda rabon da in ji ta yi a gabana tun tana ƙarama. Ta ce, “Shi ya fi. Amma na riga na yanki tikitin bas da safe, kamar yadda ka ce. Kuma na ce wa ƙawata ta saki kujerar da ta kama mini. Sai gobe bayan jarrabawa zan je tasha in gani ko da saura.”

Wannan ce ranar da ta fi kowace tsawo. Alhamis na shiga aji na koyar, amma ban iya tuna abin da na ce ba. Hajiya ta aiko a tambaye ni ko takwara ta taso, na ce a gaya mata tana shiri. Maiɗakina ba ta ce mini “ai na faɗa” ba, ta dai zubo mini abinci ta zauna kusa, abin da ba ta saba yi da rana ba. Wajen ƙarfe uku saƙo ya shigo. Hoton tikiti ne, a ƙasa ta rubuta cewa kujerun masu laushi sun ƙare, ta samu na katako a taragon baya, ba tare da ƙawarta ba amma jirgi ɗaya. Na miƙa wa maiɗakina wayar, na shiga ɗaki na yi sujada.

Ranar Juma'a ta yi ta turo wa mahaifiyarta hotuna, ita kuma tana miƙo mini. Ga gonaki a jikin tudu kamar matakala. Ga wata mata da kwandon ayaba a kujerar da ke fuskantar tata. Ga duwatsun can nesa ta taga, kawunansu a cikin gajimare, jirgin na bin gindinsu a hankali. Na daɗe ina kallon wannan hoton. A cikin wancan farin abin da ya rufe ƙololuwa, a can ne na so in tura ta da lissafina. Kafin magariba ta kira ta ce sun isa, ta haɗa ni da mahaifiyar ƙawarta. Ba na jin harshenta, ba ta jin nawa, muka yi ta maimaita sallama da hamdala da ɗan Larabcin da ya haɗa mu, har muka rasa abin ƙarawa muka yi dariya.

Daga baya na sa ta bincika mini yadda bas ɗin Asabar ta kasance, domin wani ɗan ajinsu ya hau ta. Ina tsammanin a raina ina so a ce ƙasa ta zaftaro ta tare hanya, don labarin ya zama cikakke, kuskurena kuma ya samu shaida. Ba haka aka yi ba. Bas ɗin ta isa lafiya, wajen ƙarfe uku na rana. Daga tashar zuwa filin jirgi akwai tafiya a cikin cunkoso. Da ta samu jirgin ko da ba ta samu ba, har yau ban sani ba, kuma na daina ƙoƙarin lissafawa.

Lahadi da hantsi muka ɗauko ta. Da muka iso gida ba ta tsaya ko cire takalmi da kyau ba ta faɗa ɗakin Hajiya. Ina tsakar gida na ji tsohuwar na cewa, “Wace ce wannan mai ƙamshin jirgi? Matso in taɓa ki. Ai kin rame, ba sa ba ki tuwo a can?” Na zauna a kan turmin daka da ke kife a gindin bango, kamar ni na yi tafiyar.

Litinin da safe ta riƙe hannun Hajiya daga mota har ƙofar ɗakin tiyata. Hajiya ba ta yi gardama ko ɗaya ba; ta ma ce wa ma'aikaciyar jinya ta yi aikinta da kyau domin jikarta likita ce, za ta duba. Yarinyar ta ce, “Hajiya, magani nake karantawa.” Ta ce, “Duk ɗaya ne.” Aikin bai kai awa guda ba.

Washegari muka koma a cire bandeji. Likita ya ɗaga audugar a hankali, ya ce ta buɗe. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta fara duban takwararta, ta daɗe, ta shafa gefen fuskarta. Sannan ta juyo inda nake tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ta ƙura mini ido har na fara tsarguwa.

Ta ce, “Kai, yaushe ka yi furfura haka ba wanda ya gaya mini?”